Darasi na 7: Nawa kwandon tumatir ya tsaya maka?

A darasin da ya wuce mun koyi raba shafin littafi gida biyu, kuɗin da ya shigo a gefe guda, wanda ya fita a ɗaya gefen. Yau za mu bi kwandon tumatir tun daga Kwanar Gafan, kasuwar 'yan gwari da ke ƙaramar hukumar Garun Malam a jihar Kano, har kasuwar Mile 12 a Legas, mu ga hannu nawa yake bi, kuma kowane hannu nawa yake gutsira.

Tumatirin wannan yanki na rani ne. Ruwan madatsar Tiga ne ke shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, shi ya sa daga Janairu zuwa Maris kasuwa ke cika maƙil, farashi ya faɗi warwas. A lokacin ne sabon ɗan kasuwa ke ruɗewa. Ya ji kwando dubu goma sha biyar a nan, ya buga waya Legas an ce masa dubu ashirin da bakwai, sai ya fara ƙirga ribar dubu goma sha biyu a kowane kwando tun mota ba ta tashi ba.

Abin da ka miƙa wa manomi kuɗin saye ne kawai. Yadda kaya suka tsaya maka kuwa, sai an tara duk abin da ya fita daga aljihunka har ranar da mai saye ya ɗauka. Buɗe littafinka ka kwafi wannan. Alƙaluman na misali ne don koyon lissafi, kai sai ka sa na kasuwarku. A ce kwando 100 ka saya:

Tumatir, kwando ₦15,000: ₦1,500,000
Kwandunan da aka zuba, ₦1,000: ₦100,000
La'adar dillali, ₦300: ₦30,000
'Yan lodi, ₦200: ₦20,000
Kuɗin mota, ₦6,000: ₦600,000
Haraji da na shingen hanya: ₦30,000
'Yan dakon da suka sauke, ₦200: ₦20,000
La'ada a Mile 12, ₦400: ₦40,000
Abincinka, katin waya, kuɗin komawa gida: ₦60,000

Duka ya kama ₦2,400,000. Raba gida 100, kwando ya tsaya ₦24,000. Ribar dubu goma sha biyun nan ta koma dubu uku, kuma ba mu gama ba.

Layin ƙarshe shi mutane suka fi ƙin rubutawa. Wai ai abinci ko a gida ma za a ci. To, a gida tuwon da aka tuƙa wa kowa za ka ci, a Jebba kan hanyar Legas kuwa da kuɗin jari za ka sayi shinkafa da ruwan leda. Rubuta shi.

Yanzu ga inda maganar take. Daga Kano zuwa Legas kimanin kilomita dubu ne, ta Zariya da Kaduna, a tsallake kogin Kwara a gadar Jebba, a bi Ilori da Ibadan. Idan hanya ta yi kyau kwana biyu, idan an samu cunkoso ko mota ta lalace sai abin da Allah ya yi. Duk tsawon tafiyar nan kwanduna na jibge bisa juna, na sama yana danne na ƙasa, tsinken kwando yana huda tumatir, rana tana dukansa. Wanda ya taɓa tsayawa bayan motar tumatir lokacin sauke kaya ya san abin da nake nufi: jan ruwa na ɗiga daga gindin mota, ƙuda ya yi dandazo, ka ɗaga ciyawar da aka rufe bakin kwando ka ga na sama garau, ka zura hannu ƙasa ka ji ya zama miya. Wannan ruwan da ke bin kwalta, kai ka biya masa kuɗin mota.

A ce bayan an tsince, mai kyau ya tashi kwando 80, sauran 20 farfasasshe ne, irin wanda a can ake kira esha, masu gidan abinci su saye shi ₦6,000. Mu lissafa. Kwando 80 a kan ₦27,000 ya ba da ₦2,160,000. Kwando 20 a kan ₦6,000 ya ba da ₦120,000. An tashi da ₦2,280,000, alhali an kashe ₦2,400,000. Faɗuwar ₦120,000 ke nan, ga mutumin da ya baro gida yana murnar riba. Kuma in bai rubuta ba, ba zai ma gane ba, don aljihunsa cike yake da kuɗi ranar da ya sayar. Sai bayan zuwa uku ko huɗu ya ga jari na ƙanƙancewa, ya fara zargin dillali ko bakin mutane.

Ina za a rage? Yawancinmu kan 'yan dako muke hucewa, a yi ta ciniki a kan naira hamsin har rai ya ɓaci. Duba littafinka. Ko da 'yan lodi sun yi maka kyauta, ₦20,000 ka tsira da ita. Manyan ramuka biyu ne, kuɗin mota da lalacewar kaya, can ya kamata ƙarfinka ya tafi.

Ta fannin lalacewa, gyara daga gona yake farawa. Tumatirin da zai yi doguwar tafiya ba a bari ya nuna tuɓus, ana cire shi yana fara ja, ya ƙarasa nuna a hanya. A cire da sanyin safiya, a ajiye a inuwa, a tsince mai tabo tun a nan, don ruɓaɓɓen guda ɗaya yana shafar na kusa da shi. Sai kuma kiret na roba, wanda ke cin kimanin kilo 25. Kiret kan kiret yake zama, nauyi bai sauka kan tumatir, iska kuma na ratsawa. Wasu na cewa ya yi tsada, kuma suna da hujja: kwando tare da tumatir ake sayar da shi a wuce wurin, kiret kuwa sai an biya haya ko an saya, sannan a san yadda zai dawo arewa. Amma kada a tsaya gardama da baki, a kai wa littafi. A ce kiret ya ƙara maka ₦100,000, kashewa ta zama ₦2,500,000, lalacewa kuma ta sauko daga kwando 20 zuwa daidai kwando 5. Mai kyau 95 ya ba da ₦2,565,000, farfasasshe 5 ya ba da ₦30,000, duka ₦2,595,000. Ka ƙara kashe kuɗi, ka fita da ribar ₦95,000.

Kuɗin mota kuwa farashin mai yake bi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ƙananan motocin da ke ɗauko kaya daga gona da injin ban ruwa duk sun ƙara ci, manyan motoci kuma dizal suke sha, wanda dama babu tallafi a kansa. Abin da ke hannunka shi ne kada ka biya kuɗin iska: ku haɗu ku uku ko huɗu ku cika mota guda. Direban da ya san yana da lodin dawowa, manja ko goro ko katako, ya fi sauƙin ciniki a kan wanda zai dawo wayam. Kuma araha ba ita ce gaba ba. Motar da ta rage maka ₦500 a kwando ta je ta kwana biyu a daji da karyayyen gindi, ta cinye ragin da uwar kuɗin.

Wani lokaci ma lissafi zai ce maka kada ka tafi. Idan ka buga waya aka ce motoci sun yi layi a Mile 12, gara ka sayar a gida, ko a yanka a shanya ya zama kauɗa, a ajiye zuwa damina lokacin da ɗanye ke wuya.

Aikin gida. Na ɗaya: a misalinmu na farko, idan kwando 10 ne kawai suka lalace, riba aka ci ko faɗuwa aka yi, kuma nawa? Na biyu: zaɓi kayan da kake sayarwa, ko ke mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a cikin gida, ki bi gyaɗarki tun daga kasuwa, kuɗin ɗan sahu, ɓarza, niƙa, itace, leda, har ladar yarinyar da ke kai wa masu saye. A rubuta kowanne a layinsa, a ja layi ƙarƙashin biyun da suka fi girma, a zo da littafin ranar Asabar.