Yadda ake sauya wa tsuntsun kahau gida

Ni mai kiwon tattabaru ne, shi ya sa aikin da ake yi wa kahau, wani tsuntsun teku mai ƙwai a cikin rami, a tsibiran Bermuda, can cikin tekun Atlantika, ya kwanta min a rai. Kusan shekara 300 ana zaton ya ƙare, sai a 1951 aka tarar da aure 18 kacal a kan wasu ƙananan duwatsu. Ƙwai ɗaya tak macen take yi a shekara, don haka ɗa guda ma ba na wasa ba ne.

Da farko ka tanadi wuri mai tudu wanda ambaliya ba ta kaiwa, ka tabbata babu ɓera ko ɗaya. Bayan guguwar Fabian ta lalata ramukansu a 2003, tsibirin Nonsuch aka zaɓa. A nan sai ka gina rami na siminti, mai dogon lungu da duhu, da murfi a sama don dubawa. Kada ka manta da bakin ramin. David Wingate, wani masanin tsuntsaye na Bermuda, katako ya riƙa sa wa, mai huda daidai jikin kahau, don wani tsuntsu mai dogon wutsiya da ya fi shi girma yana shiga ya kashe 'ya'yan.

Inda aikin yake shi ne lokacin ɗauko ɗan. Duk mai tattabara ya san inda ɗa ya fara buɗe ido ya ga waje, nan ne gidansa. To haka kahau. Ka ɗauko shi gashi ya kusa cika, amma bai taɓa leƙo bakin rami da dare yana motsa fuka-fukai ba. Ya riga ya leƙo? Ka makara, can zai koma. A sabon ramin kai ne uwa kai ne uba: ka riƙa ɗura masa ƙananan kifaye da hannu, kana auna nauyinsa da tsawon fiffikensa har ya tashi. Haka Jeremy Madeiros, jami'in da ya jagoranci aikin, ya kwashe 'ya'ya 105 zuwa Nonsuch tsakanin 2004 da 2008, 102 suka tashi lafiya.

Sai ka kafa lasifika mai amfani da hasken rana tana kukan kahau cikin dare, ka yi haƙuri shekara uku ko fiye suna can teku. A 2009 aka ƙyanƙyashe ɗa na farko a Nonsuch, aka sa masa suna Somers. Yau aurensu ya haura 150.