Yadda za ka samu naman dabba mai kiwon kirki wajen mahaucin unguwarku

Abu na farko dai ka tsaya a kan mahauci ɗaya. Wannan yawon na yau kana wajen wancan gobe kana wajen wannan saboda ragin naira ɗari biyu, shi ke sa ba wanda zai gaya maka gaskiyar naman da ke kan teburinsa. Amma in ya san fuskarka, ya san duk sati kana zuwa, toh da kansa zai ce maka yau kam haƙura, saniyar tsohuwa ce, ka dawo jibi.

Ka je da safe, lokacin da nama ya iso daga kwata kafin a daddatsa shi, don ka ga cinya da ƙafar gaba da haƙarƙari a yadda suke. Bayan kun gaisa sai ka tambaye shi, malam wannan daga ina aka kawo ta? Ba rashin kunya ba ne ko kaɗan. A nan Kano mai sayo dabbarsa da kansa zai ce maka daga Wudil ya ɗauko ranar Juma'a, ko Maigatari ranar Alhamis, ko kuma sa ne na turka da wani ya kiwata a gida da dusa da harawa da kowar wake, har ya gaya maka Bunaji ne ko Bokolo. Wanda kuma ya sari naman a abatuwa shi ma zai faɗa, ba laifi ba ne, sai dai ka tambaya ko likitan dabbobi ya duba. Wanda ya fara kame-kame ko ya ɓata rai don an tambaye shi, shi ne abin gudu.

Kayan ciki su ne ke tona asirin kiwo, shi ya sa ko ba saye za ka yi ba ka ce a nuna maka. Hanta mai lafiya sumul take, in an yanka ba ka ganin wasu fararen jijiyoyi masu kauri da tauri ko tsutsa mai faɗi a ciki. Huhu kuma kar ka ga ƙuraje masu tauri kamar tsakuwa, don wannan na iya zama tarin fuka kuma yana kama mutum. Sai tumbi. Dabbar da ta rayu tana kiwo a bola cikin gari, in aka farka tumbinta leda ce dunƙule a ciki, wallahi abin tausayi, dabba ta yi ta ramewa tana cin abin da ba ya narkewa, kuma irinta ce ake sayarwa da araha.

A jikin tsokar, ka danna da yatsa, in ta dawo daidai sabuwa ce, in ramin ya tsaya ko tana yauƙi toh ta kwana. Ka duba wajen wuya da cinya, in ka ga wani tabo rawaya-rawaya ko wuri ya yi ruwa, yana iya zama sawun allura, mai yiwuwa ba a jira maganin ya fita daga jikin dabbar ba aka yanka. Kitse mai ɗan rawaya kuwa kar ya tsorata ka, yawanci na dabbar da ta ci ɗanyar ciyawa ne ko ta ɗan manyanta. Shi ya sa naman ƙarshen damina zuwa kaka ya fi na bazara, lokacin shanu sun ƙoshi.

Abin da ya fi damuna shi ne yanka saniya mai ciki. Asara biyu ce, an rasa ɗan maraƙi an rasa uwar da za ta ƙara garke, kuma mu masu saye muna da ta cewa, in ka gaya wa mahaucinka kai ba ka so, maƙwabcinka ma ya faɗa, zai fara lura tun a kara. Ganda ma ka tambaya da me aka babbake ta, in da taya ne ka bar ta, warin roba ma zai gaya maka.

Kuɗi kam za ka ɗan ƙara, naman kiwon kirki ba ya zuwa da arha. Dabarar ita ce kar ka nace sai tsoka zalla, ka haɗa da ƙashi mai ɓargo na miya, da wutsiya, da kai da ƙafa na farfesu, ka ce a auna maka a sikeli maimakon kashi. In kuna da yawa a layinku ku yi watanda, ku haɗa kuɗi ku tafi kara tare da mahaucin ku ga san da idonku yana tsaye yana tuƙa, a yanka a gabanku a raba. Ka tafi da roba mai murfi daga gida, in ka dawo kuma ba ka da tabbacin wuta toh kar ka dogara da firji, a tafasa naman da gishiri da albasa a ranar, a soya.