Kurakuran da ke kumbura wa sabon maharbi yatsa a libarbar kaboyi

Duk wanda ya daɗe yana zuwa filin harbi a Amurka ya saba ganin wannan: mutum ya sayo libarbar kaboyi, ya harba cikin ganga ɗaya ko biyu (ganga ita ce ma'ajiyar harsasai mai juyawa), sai ya ajiye ta yana yarfe hannu yana tsotsar yatsan tsakiya. Washegari gaɓa ta kumbura, ya fara zagin bindiga. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga mutum bayan mutum, shi ya sa na zauna na rubuta.

Libarbar da nake nufi ita ce wadda sai ka ja gudumarta baya da babban yatsa kafin kowane harbi, kunama kuwa aikinta sakin gudumar kawai. Uwarsu ita ce Colt Single Action Army ta 1873, sai Ruger Blackhawk da ta fito a 1955, da Ruger Vaquero, da irin waɗanda kamfanonin Uberti da Pietta ke kwaikwaya a Italiya. A Najeriya dokar makamai ta sa libarba cikin bindigogin da aka haramta sai da izini na musamman, don haka wannan zance ne na filin wasan harbi a inda doka ta yarda.

Babban kuskure shi ne riƙe ta irin riƙon fistol. Wanda ya fara da fistol irin Glock an koya masa ya tura hannu can sama, ya ƙage wuyan hannu, kada ya bar bakin bindiga ya ɗaga. A fistol wannan daidai ne. A libarbar kaboyi kuwa neman rauni ne. Mariƙinta a lanƙwashe yake kamar na garmar shanu, bututun kuma yana can sama da hannu, saboda haka idan ta tashi sai ta mirgina a tafin hannu, baki ya yi sama, guduma ta sauko kusa da babban yatsa don a sake ɗanawa. Haka aka ƙera ta. Idan ka tura hannu sama, yatsanka na tsakiya zai shige daidai bayan zoben ƙarfen da ya kewaye kunama. Da harbi ya tashi, bindiga za ta fara yin baya tukuna, naman tafin hannu ya lotsa, zoben ya zo ya sami ƙashin gaɓa babu abin da ya raba su sai fata.

Wadda ta fi ƙaurin suna a wannan ita ce Super Blackhawk mai cin babban harsashin .44 Magnum, wadda Ruger ya fitar a 1959. Bayan zobenta a miƙe yake da kusurwa, salon da aka aro daga tsohuwar Colt Dragoon. Wasu hannuwan ba ruwansu da shi, wasu kuma kamar don su aka yi kusurwar. Nawa yana cikin na biyun. Wani dattijo a filin da nake zuwa, mutumin kirki ne amma maharbin fistol ne, ya ce mini in haye sama in matse ta kamar zan shaƙe ta. Kafin in gama kwalin harsashi fatar gaɓa ta tsage, jini ya ɓata mariƙin. Da dare wurin ya yi shuɗi, da safe ya koma baƙi, yatsan ya ƙi lanƙwasuwa. Na yi makonni ina ɗaukar kofin shayi da hagu, ranar Juma'a kuwa idan aka idar da salla aka fara musafaha, sai in riƙa addu'a kada in faɗa hannun mai ƙarfi.

Ga yadda nake riƙo yanzu, kuma ban ce kowa ya yarda da ni ba. Nakan saukar da hannu har ƙaramin yatsa ya zame ya koma ƙarƙashin gindin mariƙin. Wannan kaɗai yana janye yatsan tsakiya daga bayan zoben, ya bar 'yar tazara. Nakan matse har farce ya fara yin fari, sannan in ɗan sassauta. Gwiwar hannu ba na miƙe ta sambal, nakan bar ta a ɗan karye, in bar dukan hannun ya tashi tare da bindigar. Akwai gwanayen da suka fi ni da ke cewa a manna yatsan jikin zoben tun farko don kada ƙarfen ya sami wurin ɗaukar gudu. Na gwada, bai karɓe ni ba. Kai ma gwada duka biyun, amma da harsashi mai sauƙi.

Kada kuma ka ji an ce a bar ta ta mirgina ka yi mata riƙon sakainar kashi. Wanda ya saki da yawa, ƙahon guduma zai sauko ya caki fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, kuma zoben zai doke shi fiye da da. Riƙon ya zama da ƙarfi, kuma iri ɗaya a kowane harbi, domin a wannan bindiga da ƙarfin riƙo ya sauya, inda harsashi ke sauka ma ya sauya.

Kuskure na biyu ba na hannu ba ne, na girman kai ne, kuma shi ya fi ba ni haushi. Malam, wa ya aike ka ka fara da cikakken Magnum? Harsashin .44 Magnum da aka fi sani nauyinsa giren 240 ne, wato giram 15 da rabi, yana fita da gudun kusan mita 400 a daƙiƙa ɗaya, daga bindigar da ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba. Wannan ƙarfin a hannunka yake ƙarewa. Alhali bindigar nan tana cin harsashin .44 Special, mai kusan nauyi ɗaya amma gudunsa bai fi mita 230 ba. Haka mai .357 Magnum tana cin .38 Special. Ga hanya a buɗe, amma sai saurayi ya ƙi bi don kada na gefensa ya ce ragon namiji ne. Shahararren maharbi Elmer Keith na Idaho, wanda matsin lambarsa ya taimaka aka fito da .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950, shekara da shekaru ya yi yana harba .44 Special kafin nan. Kai da ka sayi bindiga ranar Asabar, gaggawar me kake yi?

Kuma asarar ba ta tsaya a yatsa ba. Da jiki ya gane cewa jan kunama ciwo ne, sai ya fara kare kansa: ido ya runtse, hannu ya dannar da baki ƙasa tun kafin harbi ya tashi. Kumburi ya warke a makonni, wannan zabura kuwa sai ta yi watanni tana bin mutum. In kana musu, ba abokinka ya ɗura maka ganga ya cusa harsashin bogi ɗaya ba tare da ka san gurbinsa ba. Lokacin da guduma ta faɗa kansa za ka ga bakin bindigarka ya yi ruku'u. Ni dai al'adata, mafi yawan harbina da mai sauƙi ne, manyan kuwa ganga ɗaya ko biyu a ƙarshe. Da na ji gaɓa ta fara zafi na naɗe kayana. Daurewa a nan ba jarumta ba ce, ƙara dukan wurin da ya riga ya kumbura ne.

Akwai kuskuren da ba ciwo kawai yake jawowa ba. Tsakanin gaban ganga da bututu akwai siririyar tsaga, kuma ta nan wuta da iskar albarushi ke fesowa gefe da gefe. Kada yatsan hannun tallafi ya kusanci wurin ko da wasa. Ƙaramin harsashi ƙuna zai yi maka, babba yana iya yanka nama. Hannun hagu ya naɗe na dama can baya nesa da tsagar, babban yatsansa ne zai riƙa ɗana guduma, shi ke nan.

Sai batun mariƙi, inda mutane ke zubar da kuɗi tun ba su gyara riƙo ba. Kowa zai ce maka ka sayi mai mariƙi salon Bisley. Colt ya fara wannan salon a 1894, da sunan filin gasar harbi na Bisley a Ingila, daga baya Ruger ya yi nasa. Ya fi tsayi, ya fi miƙewa, yana turo ƙarfin baya kai tsaye maimakon mirginawa, shi ya sa masu manyan harsasai ke son sa. Amma tazarar da ke bayan zobensa ƙarama ce, mai kaurin yatsu yana iya shan duka fiye da da. Ari ta wani ka harba kafin ka saya. Mariƙin roba na kamfanin Pachmayr ko Hogue yana cike gurbin bayan zoben, kuma yana aiki, sai dai yana hana mirginawa, ƙarfin ya koma wuyan hannu. Ni na fi son katako mai santsi, mai ɗan kauri da zai cika tafi. Mai ƙaiƙayin zane kuwa, a babban harsashi, gurje fata yake yi.

Sauran ƙanana ne. Cire zobenka na azurfa kafin ka fara. Naɗa filasta zagaye biyu a gaɓar tun ba ta fashe ba, ba bayan ta fashe ba. Safar hannu ta zama siririyar fata, mai kauri tana cushe yatsa a cikin zoben kunama, ga shi kunamar waɗannan bindigogi ba ta da nauyi. Kada ka yi harbi da sandararren hannu lokacin sanyi. Duba sukurorin mariƙi, domin suna kwancewa da yawan harbi. In ka dogara bindiga kan teburi, kada gindinta ya zauna kan katako da ƙaramin yatsanka a ƙasa.

Idan kuma kumburi ya yi kwanaki bai sauka ba, ko yatsan ya mutu ba ka jin taɓawa, ko ya ƙi miƙewa, bar shafa man zafi ka je asibiti a ɗauki hoton ƙashin.