Yadda ƙananan hukumomi ke haɗa kai su farfaɗo da mashigar teku: tsarin Tampa

Mashigar teku, inda ruwan kogi ke haɗuwa da ruwan gishiri, ba ta san iyakar gunduma ba. Dattin da gari ɗaya ya zubar, maƙwabcinsa ne zai kwana da shi. Mashigar Tampa da ke jihar Fulorida ta Amurka ta nuna yadda ake wannan aiki tare, kuma matakan da aka bi a can suna da amfani ga duk mahukuntan da ke raba ruwa ɗaya.

Ku fara da zaɓen ma'auni guda da kowa zai gani da idonsa. A Tampa ciyawar da ke tsirowa a ƙasan ruwa aka zaɓa, domin a cikinta ƙananan kifaye da jatan lande ke fakewa su girma. An sa burin dawo da ita zuwa eka 38,000, kusan yadda take a wajajen 1950. Zuwa farkon shekarun 1980 ta ragu zuwa wajen eka 22,000.

Daga nan sai a bi lissafin da baya-baya, kuma nan ne ainihin aikin yake. Ciyawar tana bukatar kusan kashi 20 cikin 100 na hasken rana ya iso ƙasan ruwa. Abin da ke tare hasken shi ne gansakuka, wadda ke mayar da ruwa kore shar har mutum ya kasa ganin ƙafarsa a ruwan da bai kai ƙugu ba. Abincin gansakuka kuwa sinadarin naitirojin ne, mai zuwa daga ruwan bayan gida, takin zamani, magudanan ruwan sama da hayaƙin injuna. Don haka a ƙididdige yawan naitirojin da ruwan zai iya ɗauka a shekara, sashe-sashe. An kasa mashigar Tampa manyan sassa huɗu, saboda inda ruwa ke kwance bai jure abin da bakin teku ke jurewa.

Sai a sa alƙawari a takarda. Shirin kula da mashigar ya fara a 1991, a 1998 kuma gundumomin Hillsborough, Pinellas da Manatee da biranen Tampa, St. Petersburg da Clearwater suka sa hannu a yarjejeniya tare da hukumomin muhalli. Kada a bar masana'antu a waje: tun 1996 aka zauna da kamfanonin taki da na lantarki da manoma, aka amince a riƙa rage tan 17 na naitirojin kowace shekara don cike gurbin ƙarin da yawan jama'a ke kawowa. In ba a rubuta kason kowa ba, sai a koma nuna wa juna yatsa.

A fara zuba kuɗi a matatun ruwan datti. Dokar jihar ta tilasta kada naitirojin ya wuce miligiram 3 a kowace lita ta ruwan da aka tace. Bayan wannan sai a waiwayi gidaje: Pinellas ta hana amfani da taki mai naitirojin a ciyawar ƙofar gida daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba, lokacin damina, domin ruwan sama wanke shi yake yi kai tsaye zuwa teku. Irin wannan doka ta fi aiki in maƙwabta duka sun yi ta, in ba haka ba mutum ya tsallaka gari na gaba ya sayo buhunsa.

Awo kuma ya kasance a hannun da kowa ya yarda da shi. Hukumar ruwa ta yankin ke ɗaukar hoton ciyawar daga sama duk shekara biyu. Awon 2014 ya nuna an haura eka 40,000.

Kuskure mafi tsada shi ne a ɗauka an gama. Bayan 2016 ciyawar ta sake ja da baya, har ta sauko wajen eka 30,000 a 2022, mafi yawan asarar kuma a sashen arewa maso yamma, inda gadoji ke hana ruwa juyawa sosai. A 2021 an saki galan miliyan 215 na gurɓataccen ruwa daga tsohuwar masana'antar taki ta Piney Point don kada madatsarta ta ɓalle. Saboda haka a sa tsofaffin tafkunan shara na masana'antu cikin lissafi tun farko, a kuma rubuta wanda zai biya kuɗin rufe su.