Yadda za ka tsara wa yara labarin dabbar da ta yi ƙarya ranar biki

Idan biki ya ƙarato, iyaye da malaman ƙananan azuzuwa sukan nemi labarin dabbobi da zai koya wa yaro gaskiya. Abin da ya fi zuwa hannu shi ne tsohon tsari: dabba ta shirga ƙarya, asirinta ya tonu, ta gamu da gamonta, a watse. Ni ba na rubuta wa 'yan shekara 3 zuwa 7 irin wannan, kuma ina da hujja.

A shekarar 2014, Kang Lee na Jami'ar Toronto da Victoria Talwar ta Jami'ar McGill, duk a Kanada, da abokan aikinsu, sun gwada yara 268 masu waɗannan shekarun. Akan bar yaro shi kaɗai a ɗaki, abin wasa na bayansa, a ce kada ya waiga. Yawancinsu sai sun leƙa. Kafin a tambaye shi ko ya leƙa, sai a karanta masa labari. Na yaro makiyayi mai ihun ƙarya cewa ga kerkeci bai sa yaran sun ƙara faɗin gaskiya ba. Haka ma na Pinocchio, yaron nan da aka sassaƙa da itace, da hancinsa ke tsawo duk lokacin da ya yi ƙarya. Wanda ya yi tasiri shi ne na George Washington, shugaban Amurka na farko, yana yaro, da ya sare bishiyar mahaifinsa ya amsa laifinsa, uban kuma ya yaba masa. Da aka juya ƙarshensa ya koma kan sakamakon ƙarya, sai tasirin ya ɓace. Abin dariya, labarin bishiyar kansa ƙirƙira ne, wani marubuci Mason Weems ya cusa shi cikin tarihin Washington a 1806. Amma ya yi aiki, don ya nuna wa yaro cewa ana iya faɗin gaskiya a kwana lafiya. Abin da labarinka zai nuna ke nan.

Fara da zaɓen dabba. Kada ka ɗauko dila, tun kafin ya buɗe baki yara sun yanke masa hukunci. Nemi ƙarama, mai shiga rai, wadda halittarta ce ke jawo mata rigima. Ni bushiya nake so. A ce dabbobin daji na ƙawata babbar bishiya don bikin da suke yi sau ɗaya a shekara, kunkuru ya yi kwana uku a hanya yana jan wata jar balan-balan da za a ɗaura a can ƙoli. An ce kowa ya kalla da ido. Bushiya ta matsa don ta ga fuskarta a jikin abin, sai fus! Da aka tambaya ta ce ta ga hankaka ya kai mata baki.

Tsoro ne ya sa ta yin ƙaryar, ba mugunta ba, kuma kowane yaro ya san wannan tsoron. Sannan ƙaryar ta faɗa kan wani: an ce hankaka ya koma gefe, babu shi a biki. Idan ƙarya ba ta taɓa kowa ba, babu abin yafewa, labarin ya zama na fashewar roba kawai.

Bikin ma yana da aikinsa. Shi ne agogon labarin, domin da faɗuwar rana za a fara, in ba a gyara kafin nan ba hankaka sai baɗi. Kuma a ranar ne zama saniyar ware ya fi ciwo.

Kada ka ɓoye wa mai sauraro wanda ya yi laifin. Sai wajen shekara 4 yaro ke fara gane cewa wani na iya yarda da abin da ba haka yake ba, saboda haka ka bayyana masa komai. Ni nakan bar ɗan yankin jar roba maƙale a ƙayar bayan bushiya. Dabbobin ba su lura ba, yaro kuwa ya gani, za ka ji yana cewa "Ga shi can!"

Tsakiyar labarin ita ce inda za ka daɗe. Kada ka ce zuciyarta ta dame ta, ɗan shekara huɗu bai san inda zai ajiye wannan magana ba. Ka sa abin a jikinta. Ana kiɗa ƙafarta ta ƙi motsi. Cikinta ya yi nauyi kamar ta haɗiyi dutse. Duk inda ta juya idonta na kan reshen da hankaka ya saba zama, babu kowa. Wani ya tambaye ta yadda abin ya faru, dole ta ƙara ƙarya ta biyu don ta tokare ta farko. Biyun sun isa, in ka kai uku yara za su fara dariya su koma bayan wayonta.

Ita za ta faɗa da bakinta, kafin a kama ta. Wannan ba na sassauta shi. Idan mujiya ce ta hango jar robar ta tona mata asiri, abin da yaro zai ɗauka shi ne a riƙa duba baya kafin a yi ƙarya. Talwar da Lee sun taɓa kwatanta makarantu biyu a Afirka ta Yamma, a binciken da ya fito a 2011, ɗaya ana horo da duka, ɗaya ba a yi. Yaran makarantar dukan sun fi yin ƙarya, sun kuma fi iya ta.

Ka sa kalmomin a fili: "Ni ce na fasa. Ba hankaka ba ne. Ku yi haƙuri." Janine Oostenbroek da Amrisha Vaish na Jami'ar Virginia sun nuna a 2019 cewa 'yan shekara 5 kan yafe wa wanda suka ga alamar nadama a tare da shi, su kuwa 'yan shekara 4 sai sun ji an ba da haƙuri ƙarara. Sunkuyar da kai kaɗai ba zai isar wa ƙananan ba.

Jimlar da ta fi kowace nauyi ita ce ta farko da kunkuru zai furta. In ya yi tsawa, ka rushe abin da ka gina. In ya ce ba komai, ya yi tasa ƙaryar, don kwana uku ya yi a hanya. Nawa kunkurun shiru yake yi tukuna, sannan ya ce, "Na ji zafi ƙwarai. Amma na ji daɗi da kika faɗa."

Daga nan sai gyara. Bushiya ce za ta taka da ƙafarta har inda hankaka yake. Ka ba shi damar fushi, ya juya mata baya, ya ce, "Ni kaɗai na wuni." Yaron da aka taɓa yi wa ƙage yana cikin masu sauraro, shi ma yana da haƙƙi a labarin. Sai hankaka ya ga tana birgima cikin jajayen furanni suna maƙalewa a ƙayarta, tana kai su gindin bishiya sawu bayan sawu, sannan ya sauko ya riƙa ɗauka yana kai su ƙoli. Balan-balan dai ta tafi. Kada wata sabuwa ta faɗo daga sama.

Akwai wata matsala da labaran dabbobi ke da ita. A 2017 Nicole Larsen da Lee da Patricia Ganea sun karanta wa 'yan shekara 4 zuwa 6 labari kan rabawa da wasu. Waɗanda suka ji shi da mutane a ciki sun ƙara kyauta, waɗanda suka ji shi da dabbobi masu magana ba su ƙara ba. Yaro ba ya cika ganin kansa a jikin bushiya sai an taimaka masa. Bayan ka rufe littafi, tambaye shi: da a ajinku ne, wa zai zama hankaka? Me kake so malama ta fara cewa?

Labarin kada ya wuce abin da za a karanta cikin minti biyar. Kada kuma ka ɗauko shi ranar da yaron ya yi maka ƙarya, zai gane da shi kake, ya toshe kunne. Bari sai ana cikin raha. In a tsakiyar hira ya ce shi ne ya fasa kofin nan na rannan, fara da gode masa, maganar kofi ta jira gobe.