Idan sankarar hanta ta dawo: a sake yanka ko a ƙona ƙarin?

Toh, an yi wa mutum tiyata an cire ƙari a hanta, ya samu sauƙi har ya koma harkokinsa, kwatsam hoton bibiya ya nuna abin ya sake tsirowa. Wannan ba baƙon abu bane, cikin shekara 5 bayan tiyata yakan dawo wa fiye da rabin marasa lafiya, don hantar da ta haifar da na farko tana nan da ciwonta, galibi hepatitis B ko C ko kuma ta riga ta taurare. Sai likita ya ajiye muku zaɓi biyu: a sake buɗe ciki a yanke, ko a yi abileshan, wato a soka wata allura ta fata ana kallon ta a sikanin har ta shiga tsakiyar ƙarin, a saki zafi ya ƙone shi nan inda yake.

Kafin ku ce komai ku tambayi girmansa da santimita, kar ku yarda da "ƙarami ne" kawai. Zafin allurar nan iyakar inda yake kaiwa kaɗan ne, shiyasa ƙarin da bai wuce santimita 2 ba ƙonawa takan cinye shi tas, zuwa 3 ma ana dacewa, amma da ya haura 3 sai ka ga gefe-gefe ya tsira ya sake girma a wurin. A China an yi bincike kan mutum 240 da ciwon ya dawo musu yana ƙarami, rabi aka sake yanka su rabi aka ƙona, aka buga sakamakon a 2020. Tsawon rayuwar ɓangarorin biyu bai bambanta sosai ba, waɗanda aka ƙona sun fi samun ƙarancin matsala bayan aiki amma ciwon ya fi dawo musu a gurbin, kuma masu ƙari sama da santimita 3 tiyata ta fi yi musu rana.

Sai wurin da yake, kuma nan ne mutane ba sa tambaya. Ku ce likita ya nuna muku a hoton. In ƙarin na manne da babbar jijiyar jini, jinin da ke gudu yana kwashe zafin kamar kana hura wuta iska na kashe ta, sai gefen da ke jikin jijiyar ya ƙi ƙonewa (ƙonawa iri-iri ce, nau'in maikurowef ya ɗan fi jure wannan akan na rediyo). In kuma yana dab da hanji ko madaci ko bututun da ke fitar da ruwan madaci, zafin zai iya yi musu ɓarna. Akasin haka, ƙarin da ya nutse can tsakiyar hanta, kafin wuƙa ta kai gare shi an salwantar da lafiyayyen nama mai yawa, nan allura ta fi.

Ita kanta hantar fa? An riga an yanke wani sashe a baya, kuma tiyatar farko tana barin kayan ciki sun manne da juna, don haka aiki na biyu ya fi wuya ya fi zubar da jini. Ku tambayi matakin Child-Pugh, wato ma'aunin ƙarfin aikin hanta, A ne (mafi kyau) ko B ko C. Mai A da ba ruwa a cikinsa, ba ciwon shawara, saifarsa bata kumbura ba, ƙwayoyin daskarar da jini basu yi ƙasa ba, shi ake tunanin sake yankawa. Wanda ya fita daga nan gaskiya ni ban ga dalilin matsa wa likita sai ya yanka ba, hanta na iya gazawa bayan aikin. Ƙonawa kwana ɗaya ko biyu an sallami mutum, kuma ana iya maimaita ta in wani ya ƙara fitowa, tiyata kuwa sati guda ko fiye a gado.

Ku lissafa yaushe ya dawo. In cikin shekara 2 na farko ne, yawanci ragowar tsohon ne ya bazu kuma irin wannan yana da naci, ana iya yanka wannan wani ya ɓullo. In bayan shekara 2 ne, sau da yawa sabo ne daban. Ku duba gwajin jini na AFP ma, wanda ake bibiyar sankarar hanta da shi, in ya hau sosai alama ce ƙarin mai zafin hali ne.

Kar ku tashi baku tambayi dashen hanta ba. Ƙa'idar Milan ta 1996, wadda ake bi wajen zaɓar wanda za a yi wa dashe, ta ce sai mai ƙari ɗaya da bai wuce santimita 5 ba, ko guda 3 kowanne bai wuce 3 ba, bai shiga jijiya ba bai fita daga hanta ba. In kuma ƙarin sun yi yawa sun warwatsu a cikin hanta, maganar ta bar yanka da ƙonawa, ta koma TACE, inda ake toshe jijiyar da ke ciyar da ƙarin da magani.

Duk wanda aka zaɓa, mai hepatitis B kar ya kuskura ya daina shan tenofovir ko entecavir ɗinsa. Bayan ƙonawa ana yin CT ko MRI wajen wata ɗaya a tabbatar ya mutu duka, daga nan kusan duk wata 3, ku karɓi ranar hoton farko a rubuce kafin a sallame ku.