Gwajin gora huɗu: yadda za ka ga tsami yana shiga jikin yis

Ƙanwata da ke karantar ƙananan halittu a Jami'ar Jos (Unijos) ta zo tana mita wai an ba su karatu kan yadda yis ke shigar da asid ta furotin ɗin da ke fatarsa, ta haddace sunaye kaf amma ba ta gane komai ba. Na ce mata ajiye takardun nan mu shiga kicin. Ga abin da muka yi, kai ma za ka iya, kayan duk akwai su a kasuwar Terminus ta Jos.

Ka nemo gorar ruwa ta roba guda huɗu, balan-balan huɗu, yis na burodi, siga, lemun tsami, bekin soda, da farin binega wanda aka rubuta kashi 5 cikin ɗari a jikin kwalbar. Kowace gora ka zuba ruwan ɗumi kamar kofi ɗaya, siga babban cokali ɗaya. Ruwan ya zama mai ɗumi kawai, wajen digiri 30 zuwa 35, in ya yi zafin da yatsanka ba zai jure ba to ka kashe yis ɗin tun ba a fara ba. Kuma ka san sanyin Jos, in lokacin hunturu ne ka jera gorunan cikin baho mai ruwan ɗumi, in ba haka ba sai ka wuni kana kallon balan-balan a kwance.

Gora ta farko kar ka ƙara mata komai. Ta biyu binega babban cokali biyu. Ta uku ruwan lemun tsami cokali biyu. Ta huɗu ita ce mai ɗan aiki: ka zuba binega cokali biyu a kofi daban, ka riƙa barbaɗa bekin soda kaɗan-kaɗan, wajen rabin ƙaramin cokali, kana juyawa har kumfar ta mutu gaba ɗaya, sannan ka juye a gorar. Nan muka yi shirme karon farko, mun yi gaggawa mun ɗaura balan-balan kumfa ba ta gama ba, nan take ya kumbura, yarinya har da tafi, alhali iskar soda ce ba ta yis ba. Bayan nan sai ka sa yis ƙaramin cokali ɗaya a kowacce, ka girgiza, ka ɗaura balan-balan a baki, ka duba bayan minti 30 da kuma awa ɗaya. Yis in yana cin siga iska yake fitarwa, ita ce ke kumbura balan-balan ɗin.

Abin da ya kamata ka gani: ta farko ta cika tim, ta binega tana baya sosai, ta lemun tsami galibi ta fi ta binega motsi duk da a harshe lemun ya fi tsami, ta huɗu kuma ta farfaɗo alhali binegan yana ciki. To me ya sa?

Fatar ƙwayar yis maiƙo ce, kuma duk abin da ke ɗauke da caji ba ya iya ratsa maiƙo. Asid ɗin binega, wato asetik, yana da fuska biyu. In ruwan ya yi tsami ƙasa da pH 4.76 (pH ma'aunin tsami ne, ƙaramar lamba ta fi tsami, 7 kuma tsaka-tsaki) yawancinsa yana riƙe da haidirojin ɗinsa, ba caji, sai ya sulale ta cikin fatar ba sallama, wani kuma ya bi ta wata kafa da ake kira Fps1 wadda asalinta ta wani sinadari ce mai suna giliserol. Cikin ƙwayar kuwa pH yana kusa da 7, don haka yana shiga sai ya saki haidirojin ɗin, ya ɗau caji, ya maƙale ba hanyar komawa. Cikin ya fara tsami. Dole yis ya tayar da famfonsa Pma1 ya yi ta kwarfe haidirojin waje, kuma famfon nan kuzari yake ci ba wasa, ƙarfin da zai yi girma da shi ya ƙare a kwarfa kamar mai gidan da ambaliya ta shigo wa ɗaki. Sodar da ka sa a gora ta huɗu ta ba asid ɗin caji tun daga waje, shi ya sa ya tsaya a bakin ƙofa. Asid ɗin lemun tsami kuwa, sitirik, ƙato ne kuma ya fi son ruwa da maiƙo, ratsa fatar na masa wuya.

Masu gidan burodi sun san wannan a aikace ko ba su san sunan ba, in an sa maganin hana fumfuna irin su furofiyonet a kwaɓi sai tashinsa ya yi nawa, dole a ƙara yis ko a ƙara lokaci. Yis na da wani famfon, Pdr12, da ke tura irin waɗannan waje, shi ma ba kyauta yake aiki ba.

Yanzu ga inda ɗalibai ke ruɗewa. Ƙofofin furotin da malami ke tambaya a jarrabawa, Jen1 da Ady2, ba su ne suka yi aiki a gorarka ba, domin akwai siga. Jen1 yana shigo da laktet, wato asid ɗin da ke sa nono tsami, yana jan sa tare da haidirojin ɗaya, masu bincike a Jami'ar Minho ta Fotugal ne suka bayyana aikinsa a 1999. Ady2 shi kuma asetet, wato asid ɗin binega mai caji, yake shigowa da shi. Su biyun yis ba ya kafa su a fatarsa sai gulukos, wato nau'in sigan da ya fi so, ya ƙare, yunwa ta sa shi ya koma cin asid a matsayin abinci. Da ka dawo masa da gulukos sai ya janye Jen1 daga fatar ya kai shi ciki ya narkar, wa zai tsaya kan ƙanzo ga tuwo ya sauka.

Wannan ɓangaren ba ya ganuwa da balan-balan, sai a ɗakin gwaji inda za a reni yis a abincin da laktet ne kaɗai a ciki. Amma in kana son ka ƙara wa gwajin gida ƙarfi, ka sayi takardar auna pH a shagon kayan ɗakin gwaji, ka daidaita gorar binega da ta lemun tsami su tsaya a lamba ɗaya kafin ka sa yis, ka kuma tabbatar ta huɗu ba ta haura pH 7 ba, don soda in ta yi yawa ita ma tana rage masa gudu.